Ka kai su Albarrasin, amma kada ka yi jeka-ka-dawo

Assalamu alaikum. Malam, na karanta tambayarka tun shekaranjiya, na jinkirta amsawa ne saboda ba na son in jero maka sunayen garuruwa kawai in wuce. Ka ce za ka halarci taro a Valencia cikin watan Oktoba tare da maiɗakinka da Hajiya mahaifiyarka, kana da kwana biyu da ba ka da aiki, kuma kana son ka kai su ɗaya daga cikin ƙauyukan Sifaniya da aka gina a kan duwatsu aka kewaye da ganuwa. Ka tambayi wanda ya fi dacewa, da ko za a iya zuwa a dawo a yini ɗaya, da yadda za ku yi da abinci da salla. Na yi shekara shida a Valencia, na je irin waɗannan ƙauyuka da dama, amma wanda na koma har sau uku shi ne Albarrasin, don haka a kansa zan yi magana. Shawarata a taƙaice ita ce ka zaɓi shi kaɗai, kuma ku kwana a can.

A allunan hanya za ka ga an rubuta Albarracín, mutanen wurin kuma suna furta ƙarshen sunan da sauti mai kama da harafin sa na Larabci, wanda ake sa harshe tsakanin haƙora. Yana cikin lardin Teruel, a yankin Aragon, kimanin kilomita 180 daga Valencia, tafiyar awa biyu da 'yan mintoci a mota. Za ka bi babbar hanyar A-23 har Teruel, sannan ka karkata zuwa ƙaramar hanyar A-1512 ka yi kusan kilomita 38. Jim kaɗan bayan ka bar Teruel za ka hangi jiragen sama jere a fili, manya-manya, babu mai hawa babu mai sauka. Filin jirgin Teruel ne, wanda ba ya jigilar fasinja. Ajiye jirage da gyaransu da kwance waɗanda suka tsufa ake yi a wurin, domin iskar yankin busasshiya ce, ƙarfe ba ya saurin tsatsa. Bayan ƙauyen Gea hanya takan shiga kwazazzabo tana bin gefen kogi, kuma idan maiɗakinka ta dubi jikin dutse ta gefen dama za ta ga ramuka a jere kamar tagogi. Magudanar ruwa ce da Rumawa suka sassaƙa a cikin dutsen, mai tsawon kusan kilomita 25, wadda take kai ruwa zuwa Cella. Daga nan sai garin ya bayyana a samanku, jajayen gidaje a manne da dutse, ganuwa kuma ta haura tsauni a bayansu.

Zuwana na farko kuskure ne, kuma shi ne dalilin da nake nacewa a kan kwana. Ranar Lahadi ce a watan Agusta, muka taso daga Valencia da hantsi ni da abokai biyu, muka isa rana tsaka, daidai lokacin da manyan motocin 'yan yawon buɗe ido suka gama zazzage mutane. Garin da mazaunansa ba su wuce mutum 1,000 da 'yan kai ba ya cika maƙil, lungunan da mutum biyu ba sa iya jerawa a cikinsu sai an yi layi kafin a wuce, kowa ya ɗaga waya sama. Mun yi kusan rabin awa muna zagayen neman wurin ajiye mota, mun hau zuwa dandalin tsakiyar gari muna haki, mun ɗauki hotuna, mun iske tikitin shiga sansanin, wato tsohon ginin tsaron sarakunan garin, ya ƙare, muka sha lemo muka juyo. A hanyar dawowa na ce wa abokaina garin yana da kyau amma bai kai yadda ake zuzuta shi ba.

Na koma bayan shekara biyu, a tsakiyar mako cikin watan Nuwamba, na kama ɗaki na dare ɗaya, sai na gane cewa a karon farko mutane na gani, ban ga gari ba. Da yamma liƙis motoci sukan watse, sai ka fara jin ƙarar kogi daga ƙasa, da takun tsohuwa guda tana hawan matakala da ledar burodi a hannu. Kogin, wanda ake kira Guadalaviar, sunan da ya samo asali daga Larabcin wadil abyad, wato farin kogi, ya yi wa dutsen da garin yake kai zobe ta kusan kowane ɓangare, ya bar gefe ɗaya kawai a buɗe, kuma wannan gefen ne aka toshe da ganuwa. Shi ne dai kogin da yake zama Turia idan ya isa Teruel, ya gangara har Valencia, inda wataƙila za ka yi tattaki a tsohon kwarinsa da aka mayar lambu. Idan rana ta kusa faɗuwa gidajen sukan rine su koma ja mai duhu, launin da duk wanda ya taɓa ganin soron da aka shafe da makuba zai ji kamar ya san shi. Ba fenti ba ne. Dutsen da ake yin filastar POP da shi ne, ana haƙo shi a yankin, yana da sinadarin ƙarfe a cikinsa, ana ƙona shi a niƙa a yaɓe bango da shi, shi ya sa babu gida biyu da launinsu ya zo daidai.

Washegari na fito bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba, na bi lungu har Ƙofar Molina, na tsaya a ƙarƙashin bakanta na dubi gidan da ake kira Casa de la Julianeta. Gida ne siriri da ya tsaya a inda lunguna biyu suka rabu, ƙasansa tsukakke, samansa ya fi ƙasansa faɗi, kuma babu bango ɗaya nasa da yake tsaye cak; kowane hawa ya karkata nasa gefe, kamar an ɗora kwanduna a kan juna da gaggawa. A watan Agusta sai da na jira mutum ashirin kafin in ɗauke shi hoto, a wannan safiya kuwa ni da wata kyanwa ne kaɗai. Wannan salon gini ya game garin, domin fili ya yi ƙaranci a cikin ganuwa, sai magina suka riƙa tura benaye waje a kan katako, har indararon gidan nan ya kusa taɓa na maƙwabcinsa, mai tafiya a ƙasa yana ganin sama kamar zare. Ka sa ido a kan ƙofofi ma, za ka ga maƙwanƙwasan ƙarfe da maƙera suka ƙera da siffar ƙadangare. Akwai kuma gida guda da aka shafe da shuɗi a tsakiyar jajayen nan, na wani tsohon gidan masu dukiyar tumaki, ba za ka rasa ganinsa ba.

Tunda ka ce tarihin Andalus ne ya fi jan hankalin Hajiya, sunan garin kansa zai ba ku abin hira a mota. Daga Banu Razin ya fito, wani gidan Barbar na ƙabilar Hawwara da suka zauna a waɗannan tsaunuka. Lokacin da halifancin Kurɗuba ya fara wargajewa a farkon ƙarni na 11, kowane mai ƙarfi ya kama gabansa, sai Huzail ɗan gidan Razin ya kafa ƙaramar masarauta a nan, zuriyarsa ta riƙe ta kusan shekara 90, har Murabiɗun da suka taso daga Sahara suka karɓe ta a 1104. Wajen 1170 garin ya faɗa hannun wani jarumin Kirista daga Navarra, Pedro Ruiz de Azagra, wanda ya ƙi yin mubaya'a ga sarkin Aragon ko na Kastila, kuma danginsa suka ci gaba da zaman kansu fiye da shekara 100. Sarkin Aragon Jaime na Ɗaya ya yi wa garin ƙawanya a 1220 bai ci shi ba. Sai a 1284 Pedro na Uku ya karɓe shi bayan ƙawanyar watanni, a 1300 kuma aka haɗe shi da masarautar Aragon. Idan ka tsaya a kan ganuwa ka dubi ramin da kogin ya haƙa, ba ka buƙatar wani ya yi maka bayanin yadda gari ƙarami haka ya gagari sarakuna.

Sansanin kansa, wanda yake kan wani curin dutse a tsakiyar tsohon gari, kango ne, kuma gara ka sani tun yanzu don kada Hajiya ta yi tsammanin fada mai rufi da kujerun zinariya. Ana shiga ne da ɗan rakiya a lokutan da aka tsara, a ƙarƙashin gidauniyar Santa María de Albarracín, wadda take kula da gyaran tsofaffin gine-ginen garin, har da babbar majami'ar da aka gina a ƙarni na 16. Abin da za ku gani a ciki tushen gine-gine ne da masu haƙar tarihi suka tono: gida mai tsakar gida daga zamanin Banu Razin, matattarar ruwan sama a ƙarƙashin ƙasa, da ɗakin wanka. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne tsarin gidan, ɗakuna suna fuskantar tsakar gida, bayansu ya juya wa waje, tsarin da ba sai an fassara wa Bahaushe ba. Ɗan rakiyar da Sifaniyanci yake bayani, don haka ka karanta abin da za ka iya kafin ku shiga. Idan kun tsaya a Teruel a hanyar dawowa, ku shiga gidan tarihin lardin ku nemi wata 'yar kwalbar turare ta azurfa da aka tsinta a yankin Albarrasin, mai rubutun Larabci a jikinta, wadda sarki Abdulmalik na gidan Razin ya sa aka ƙera wa matarsa Zahr. Ba ta kai tafin hannu biyu ba, amma na daɗe a gabanta fiye da yadda na daɗe a cikin sansanin.

Yanzu maganar da ta fi muhimmanci, wato ƙafafun Hajiya. Ka ce shekarunta sun haura 65 kuma gwiwa tana damunta, to ba zan ɓoye maka ba, Albarrasin gari ne na hawa da sauka. Babbar hanya tana ratsa ƙarƙashin garin ta wani rami da aka huda a dutse, wuraren ajiye mota suna ƙasa kusa da kogi, baƙo kuma ba ya shiga tsohon gari da mota yadda ya ga dama. Daga ƙasa zuwa dandalin tsakiya matakala ce da hanya mai tudu, an shimfiɗe ta da duwatsun da ƙafa ta goge har suna santsi idan an yi yayyafi. A zuwana na uku na tafi da surukata, wadda ta kusa sa'ar Hajiya, kuma abin da ya cece mu shi ne mun kira masaukinmu tun kafin mu taso, suka faɗa mana inda za mu iya tsayawa na 'yan mintoci mu sauke ta da kaya, sannan ni na gangara da motar na hawo da ƙafa. Da zarar an isa dandalin, akwai wani baranda a gefen ginin hukumar gari da ake hangen kogi da rufin gidaje daga kansa, kuma daga nan zuwa majami'a tafiyar ba ta da tsanani sosai idan ana hutawa. Hawan ganuwa zuwa hasumiyar Andador, wadda aka gina tun ƙarni na 10 kuma ta girmi yawancin ganuwar da ke kewaye da ita, wannan kam naka ne da maiɗakinka. Hanyar tsakuwa ce mai tsayi, wurare da yawa babu abin dafawa, kuma iska tana kaɗawa da ƙarfi a sama. Minti 20 zuwa 30 ya ishi mai lafiya, ku tafi da sassafe ko dab da faɗuwar rana, da takalmi mai kama ƙasa. Surukata ta zauna a dandali da shayinta tana kallonmu muna zama ɗigo-ɗigo a jikin tsauni, kuma har yau ba ta ce ta yi asarar komai ba. Akwai hanyar ƙafa da ta bi gefen kogi ta zagaye garin, mai gadoji na katako da na lilo. Farkonta shimfiɗaɗɗe ne kuma Hajiya za ta ji daɗinsa, amma ku juyo idan kun iso inda matakalai suka fara.

Wajen kama masauki, ka tambaya a fili ko akwai na'urar hawa bene ko ɗaki a hawan ƙasa, domin yawancin masaukan tsofaffin gidaje ne da aka gyara, matakalarsu tsukakkiya. Ka tambayi abin ɗumama ɗaki kuma. Garin yana sama da mita 1,100 daga doron teku, kusan tsayin Jos, amma sanyinsa ba irin na Jos ba ne. Wannan yanki yana cikin mafi sanyi a duk Sifaniya. A kusa da Calamocha, cikin lardin na Teruel, an taɓa auna digiri 30 ƙasa da sifili a Disambar 1963. A Oktoba ba za ku ga irin wannan ba, da rana ma za ku iya jin daɗin hantsi, amma da dare sai rigar sanyi mai kauri da safa, ko da kun baro Valencia da 'yar shara.

Abinci yana buƙatar shiri. Lardin Teruel ya yi suna a duk ƙasar da busasshiyar cinyar alade da suke kira jamón, za ka gan ta rataye a kusan kowane kanti, kuma tana shiga girki ta inda ba ka zata ba. A zuwana na biyu na shiga wani gidan abinci na ce wa mai hidima ba na cin nama, ya kawo mini migas, wato gutsattsarin burodi da aka soya da tafarnuwa, ya ce babu nama a ciki. Na kai cokali ke nan na ga 'yan jajayen gutsattsari a tsakani. Da na nuna masa sai ya yi mamaki da gaske, ya ce ai wannan ba nama ba ne, jamón ne. Ba yaudarata ya yi niyya ba, a wurinsu kalmar carne ba ta cika haɗawa da shi ba. Don haka ka lissafa musu ɗaya bayan ɗaya: sin cerdo, babu alade; sin jamón; sin tocino, babu kitsensa; sin manteca, babu mansa; sin vino, babu giya a miya. Ko kifin kogi da suke kira trucha, wanda shi ne zaɓi mafi kyau a garin, al'adarsu ce a cusa masa yankin jamón a ciki kafin a soya, sai ka ce a gasa shi haka nan. Wainar ƙwai da dankali, wato tortilla, da salak, da cukun tumaki na yankin, da naman kaza, wato tsiron nan mai kamar laima da yake yawaita a kaka, duk za su ƙosar da ku. Suna alfahari da gasasshen ɗan rago da ake kira ternasco, amma ban samu mai sayar da na halal a garin ba. Idan kuna son nama, ku saya a mahautan Musulmi a Valencia, suna da yawa, ku soya ku taho da shi. Ka kuma kula da agogonsu: abincin rana daga ƙarfe 1:30 zuwa 3:30 ne, daga nan a rufe kicin sai wajen 8:30 na dare. Wanda yunwa ta kama shi da la'asar sai dai burodi da cuku, don haka ka tanadar wa Hajiya abin taɓawa da fulas ɗin shayi, musamman idan tana shan magani a kan lokaci.

Ban ga masallaci a Albarrasin ba, a ɗaki muka yi sallolinmu, kuma tafiyar ta kai nisan ƙasaru. Wannan ma wani amfani ne na kama ɗaki, domin mai jeka-ka-dawo sai ya nemi inda zai yi alwala a banɗakin gidan abinci. Alƙibla daga can gabas ce da ta ɗan karkata kudu, saɓanin yadda muka saba a ƙasar Hausa inda take karkata arewa, don haka ka duba waya kada ka bi sabo.

Idan Allah ya sa kuka ga garken tumaki a hanya, ka nuna wa Hajiya, za ta ji daɗin labarin. Har yanzu akwai makiyaya a ƙauyukan saman wannan tsauni, musamman ƙauyen Guadalaviar, da suke kora dabbobinsu da ƙafa a watan Nuwamba zuwa lardin Jaén a kudu, tafiyar fiye da mako uku, su dawo idan sanyi ya wuce. Suna bin burtalin da ake kira cañada real, wanda doka ta ƙayyade faɗinsa kimanin mita 75, kuma har gobe haramun ne manomi ko magini ya cinye shi. Na ɗauki wannan a matsayin abin da ya fi ba ni mamaki a duk tafiyar, fiye da hasumiyoyin.

Game da abin hawa, ka ɗauki hayar mota idan kana da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, ka kuma nemi mai giya da kanta tun da wuri idan ita ka saba, domin yawancin motocin hayarsu masu giyar hannu ne. Ana iya zuwa Teruel a bas ko jirgin ƙasa daga Valencia, amma daga Teruel zuwa Albarrasin, lokacin da na bincika, bas ɗaya ce a rana, tana tafiya da rana ta dawo washegari da safe, abin da ba zai yi wa mai tafiya da dattijuwa daɗi ba. Sai dai ka yi ciniki da tasi. Wannan ƙarancin sufuri tsohon kuka ne a lardin, har ya haifar da ƙungiyar Teruel Existe, ma'ana Teruel tana nan, wadda ta fara a 1999 ta kuma ci kujera a majalisar ƙasa a 2019. A dawowa ku ba Teruel awa biyu ko uku. Hasumiyoyinta na jan bulo da korayen tangaram, irin su San Martín da El Salvador, aikin magina Musulmi ne da suka ci gaba da zama ƙarƙashin mulkin Kirista, salon da ake kira mudéjar, kuma hukumar UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 1986. Tsakiyar garin ta fi Albarrasin sauƙin tafiya nesa ba kusa ba.

Na ga wani ɗan'uwa da ya amsa maka ya ambaci Guadalest da Morella, waɗansu garuruwan kan dutse irin wannan. Dukansu suna da kyau. Guadalest, wanda ake shiga ta ramin da aka huda a dutse, yana kusa da Benidorm, garin shaƙatawa na bakin teku, don haka cunkoso ba ya rabuwa da shi, kuma awa biyu ta isa a gama ganinsa. Morella ta fi girma, ganuwarta a tsaye take, sai dai hawan sansaninta ya fi ƙarfin mai ciwon gwiwa. Kada ka yi ƙoƙarin haɗa biyu a kwana biyu.

Abu na ƙarshe shi ne ranakun da za ka zaɓa. Ranar 9 ga Oktoba hutu ce a yankin Valencia, ranar 12 kuma hutun ƙasa baki ɗaya, kuma idan suka faɗo kusa da ƙarshen mako mutanen birni kan kwarara zuwa tsaunuka, masaukai su cika, farashi ya tashi. Idan kwanakinka biyu sun faɗa tsakanin Talata da Alhamis a wajen waɗannan ranaku, ka kama ɗaki tun yanzu, ka kuma duba lokutan shiga sansanin kafin ku taso, domin a tsakiyar mako ba su da yawa. Ku bar Valencia bayan karin kumallo don ku riski abincin rana a can. A gaida Hajiya, Allah ya kai ku lafiya.